Makara Mai Nauyi

Ranar Talata da hantsi Inna Yakura ta buɗe bukkar iri ta tarar da ita wayam. Jiya taiki uku na gero ne jingine a ciki. Yau sai tabarmar da aka shimfiɗa musu, da wata ɓaraka a zanan baya wadda rana ke leƙowa ta cikinta.

Shekara ta biyu ke nan da saukar fara. Ta cinye gero yana ɗaukar ciki, ta tafi, ta dawo ta cinye abin da ta manta. Mutanen ƙauyukan Gamu da Alakos suka ci dabbobinsu, suka dafa fatun, sannan suka bar gidaje a buɗe suka gangaro Gure. Suka zube gabas da gari kusa da rijiya, kowa da guntun tabarmarsa a gindin goriba. 'Yan zango ake ce musu. Kumandan bariki yana can yana rangadin karɓar lanho, wato haraji, an dai ce yana sane da su.

Wadda ta san da su a zahiri Yakura ce, tsohuwar mai fataucin kanwa da mijinta ya rasu ya bar mata raƙuma. Ɗaya bayan ɗaya ta sayar da su, ta aza manyan tukwane biyu a ƙofar gidanta, kowane kai ludayin kunu guda a wuni. Irin kuwa na gari ne. Bulama Mainasara ya bi gida gida ya tara shi tafi-tafi, aka cuɗe shi da toka don kada ƙwaro ya taɓa, aka ɗinke, aka ajiye sai ruwan shuka, a raba wa 'yan zango su koma gonakinsu. Ba tausayi ne kaɗai ba. Mutanen Gure sun lura cewa ba wata hanyar sallamar baƙin nan in ba a ba su abin shukawa ba.

Aka aika kiran Manzo mai bin sawu.

A zamanin da akwai abin sata, Manzo ya taɓa bin ɓarawon raƙumi kwana huɗu har bayan Gidigir, ya dawo da raƙumin, da ɓarawon, da labarin da ya yi shekara goma sha biyar yana cin tuwo da shi. Yanzu ba raƙumi, ba ɓarawo, labarin ma ba mai saye. Gwiwoyinsa sun fara yi masa gardama, idonsa na hagu ya fara hutu. Kullum da azahar yakan bi ta ƙofar Yakura kamar wanda hanya ce ta biyo da shi, ita kuma ta miƙa masa ludayi kamar ba ta gane ba.

Ya iso ya tarar rabin gari na tsaye a kan shaidar, sauran rabin na zagayawa suna nuna wa juna inda ɓarawo ya bi.

"Sannunku da aiki," in ji Manzo. "Akwai wanda bai taka ba tukuna? Ya matso ya taka, kada a bar shi a baya."

"Bar zolaya, Manzo," in ji Bulama. Ya ja shi gefe, ya sassauta murya. "Daga bakin 'ya'yanmu muka cire geron nan. Mutane sun ce 'yan zango ne. Sun rantse in Juma'a ta yi ba a ga iri ba, za su kife tukwanen Yakura su kori zangon kaf. Ni kuma ba ni da ƙarfin tare su."

"Su tafi ina, ranka ya daɗe?"

"Inda suka fito."

"Can ne babu komai."

"Na sani," in ji Bulama, ya kau da kai.

*

Bayan bukkar, daidai inda aka yanke zanan, akwai wani ɗan shinge da ake wanke gawar 'yan zango a ciki, makara na jingine a jikinsa. Daga nan siririyar hanya ta miƙe, ta ratsa taɓon da ruwan rijiya ke kwarara, ta nufi maƙabarta. Nan kaɗai jama'a ba su tattake ba, don ba mai son tsayawa. Sawun mutum biyu ne a kanta, na Baba Ibram da na ɗansa Sani, manoman Gamu da haƙa kabari ya zama aikinsu tun da suka zo, saboda su ne suke da dagi. Tafiya da dawowa, tafiya da dawowa. Manzo ya dubi hanyar yadda kowa ke duban makara a shekarar, wato da gefen ido, ya wuce.

Garbai mai gadin bukkar yana zaune a ƙofa, sandarsa a kan cinya, yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Ka yi barci, Garbai?"

"Da wane cikin? Wallahi ko gyangyaɗi. Tun jiya da safe ina nan kamar turke."

"Me ya wuce ta nan jiya?"

"Ba komai."

"Ba komai?"

"Gawa kawai."

"Nawa?"

"Haba, Manzo, wa ke ƙirgawa? In na ji tafiyarsu sai in juya fuska in yi salati." Ya matso, ya rage murya. "Amma ka tambayi baƙon nan, Alhasan bafatake. Jiya da la'asar raƙumansa biyu suka fita yamma, labtu har suna nishi. A shekarar nan me mutum zai labta?"

Sawun raƙumi! Zuciyar Manzo ta yi sanyi kamar ya ga tsohon aboki. Ga shi nan kuwa a bakin gari, ya nutse cikin rairayi, raƙumar baya tana jan ƙafar dama. Ya bi shi yinin Talata, yana tsayawa yana roƙon gwiwoyinsa arziki, har ya cim ma Alhasan a wani kwari, ya sauke kaya yana jiran abokan tafiya.

Alhasan bai yi fushi ba. Ya kwance bakin taiki da kansa, ya ɓallo wani farin dunƙule ya miƙa masa.

"Ɗanɗana, malam mai sawu. In ka iya tuƙa tuwo da shi, na ba ka duka."

Kanwa ce. Taiki huɗu, duk kanwa. Manzo ya cusa hannu har gwiwa a kowanne, don kada a ce ya zo banza, ya fito da hannu fari fat. Alhasan ya ba shi dabino uku na sadaka. Ya ci biyu a hanya, na ukun ya yi niyyar kai wa wani yaro a zango, amma niyyar ba ta kai bakin gari ba.

*

Laraba da azahar ya tarar da Yakura a gindin tukwane. Abin da take damawa ba kunu ba ne, ruwa ne da aka nuna wa dusa da garin goriba. Mutane sun yi jeri har bayan masallaci, ba hayaniya, ba turereniya. Ko yara sun daina kuka, shi ne abin da ya fi tsorata Manzo.

"Inna, abu guda ya tsaya mini," in ji shi. "Ruwa bai sauka ba, ko hadari babu. Me ya kai ki bukkar iri ranar Talata?"

Ta ci gaba da damu, ba ta dube shi ba.

"Dafawa zan yi."

"Irin?"

"Rumbuna ya ƙare ranar Litinin, Manzo. Raƙumar ƙarshe na sayar tun watan jiya. In tsaya ina gadin gero cikin fata mutane na faɗuwa a ƙofata? Na ce in dafa, Bulama ya zo ya yi faɗansa daga baya."

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa." Ta dakatar da damun. "Sai Baba Ibram, ranar Lahadi. Na ga tafin hannunsa ya farfashe da haƙa, ga jikarsa A'i kwance. Na ce ka yi haƙuri, Baba, daga Talata zan sa iri a tukunya, aikinka zai ragu."

Manzo ya buɗe baki zai sake tambaya, sai ihu ya tashi daga wajen goriba.

Wata mata aka jawo, Bintu, 'yar Alakos, doguwa da yunwa ta mayar sanda. An kama ta a ɓoye tana niƙa a kan dutse, 'ya'yanta mata biyu na tsugune suna kallon hannunta. A ƙoƙonta akwai gero, bai cika tafi biyu ba.

"Ga Manzo nan! Manzo, duba mana!"

Rabonsa da a kira sunansa haka a tsakiyar taro an daɗe. Ya karɓi ƙoƙon da isa, ya murza ƙwaya a yatsa, ya ɗora a harshe. Toka.

"Iri ne," in ji shi.

Kafin ya rufe baki an yi kanta. Da ƙyar Bulama da Garbai suka ƙwace ta.

"A gidan tururuwa na tono!" take faɗi. "Wallahi a gidan tururuwa!"

Aka yi mata dariya irin ta masu jin haushi. Kowa a zango tonon gidan tururuwa yake, kowa kuma ya san bana ba a samun komai a ciki sai 'ya'yan karangiya. Tururuwar da ta tara gero a shekarar da ba a girbe ko zangarniya ba, ai sai a naɗa ta sarauta.

Aka ɗaure ta a zauren Bulama. In ba ta faɗi inda sauran yake ba, Juma'a a miƙa ta bariki, a jefa ta gidan kaso, a kuma kori danginta da duk wanda ya zo tare da su. Mutanen gari suka watse suna cewa ai dama sun faɗa.

Manzo ya leƙa zauren. Bintu ta ɗago kumburarren ido ta dube shi.

"Kai ne aka ce kana karanta ƙasa, Baba?"

"Haka ake faɗi."

"To harshenka ya yi aikinsa. Saura idon. Gindin aduwar da ke bakin maƙabarta, ramin na nan ban rufe ba. In kuma ba za ka je ba, ka kai wa 'ya'yana ƙoƙon, ko wanke shi su yi su sha."

*

Alhamis da sassafe ya je. Ramin na nan kamar yadda ta ce, tururuwa na ta gyaran ɓarnar da aka yi musu. Manzo ya duba hagu ya duba dama, sannan ya kwanta rub da ciki, mutumin da ya taɓa bin ɓarawo har bayan Gidigir. Wasu mata masu ɗiban ruwa suka tsaya.

"Wayyo, shi ma yunwa ta kayar da shi."

"A'a, aiki yake. An ce tururuwa zai kama."

"Allah ya ba da sa'a, Baba! In ka kama ta ka ɗaure ta da kyau!"

A daidai lokacin wata tururuwa ta wuce ta gaban hancinsa ɗauke da ƙwayar gero, fara da toka. Ga wata a bayanta. Ga wata. Ya bi jerin da rarrafe, gwiwoyinsa na tsine masa, ya ratsa ƙarƙashin ƙaya, ya shiga maƙabarta. Jerin ya ƙare a wani sabon kabari, ƙarami, irin na yara, an rufe shi da ƙaya kamar sauran. Ta wata 'yar kafa a gefensa tururuwa ke shiga hannu wofi suna fitowa da kaya.

Ya zauna a ƙasa ya dubi wurin da idon aiki, karo na farko. Sawu ya nuna kura ta zo da dare, kamar kullum. Ta bi sababbin kaburbura ɗaya ɗaya, ta sunsuna, ta taɓa ƙaya, ta tona gefe. Amma guda uku ta wuce su ko juyawa ba ta yi ba. Wannan na tururuwa, da na kusa da shi, da wani can gefe a gindin kalgo, wanda ke manne da wani sabon kabari kamar tagwaye.

Daga nan ya koma hanyar da ya raina ranar Talata, ya tsuguna a taɓon rijiya inda laka ke riƙe sawu ta bushe da shi. Ya daɗe a tsugune. Abin na nan a fili, ko makaho ya shafa da hannu zai karanta. Ya tuna tafiyar yini da ya yi a bayan kanwa, ya ce wa kansa wata kalma da ba a faɗa kusa da maƙabarta.

"Ziyara ka zo, mai sawu?"

Baba Ibram ne, dagi a kafaɗa. Tsoho ne ƙanƙane, fata ta manne wa ƙashi, tsumma ɗaure a tafin hannuwansa biyu.

"Ziyara, Baba. Ya jikin jikar taka?"

"Ta huta. Talata da la'asar." Ya nuna gindin kalgo da haɓa, inda tagwayen kaburburan suke, bai ware ɗaya ba. "Uwarta ta riga ta tun a hanya. Ni da ubanta Sani muka sa ta."

"Allah ya jiƙanta."

"Amin."

Suka dubi juna. Tsohon ya dubi ƙasar da ke gwiwoyin Manzo da gaban rigarsa, ya gyaɗa kai, ya wuce wurin haƙarsa.

*

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, samarin gari suka fito da sanduna. A zango wasu sun fara naɗe tabarmi, wasu ko tashi ba su iya ba. Manzo ya roƙi Bulama a tara mutane a taɓon rijiya, a kuma ja igiya kada kowa ya taka. Aka kawo Bintu a ɗaure. Ga Garbai, ga Alhasan da ya shigo sallah, ga Yakura da muciya a hannu. Baba Ibram da Sani suna can baya, sun jingina makara da goriba.

"Garbai," in ji Manzo, "ka taɓa kama makara a bana?"

"Sau biyu."

"Ya nauyinta?"

"Wane nauyi? Kamar ka ɗauki damin kara. Makarar ma ta fi abin da ke kanta."

"To ku duba nan." Ya nuna da sanda. "Sawun Baba Ibram ne a gaba, na Sani a baya. Wannan na Lahadi ne, sun ɗauko babban mutum, amma ko yatsunsu ba su nutse ba. Wannan na Talata, wannan na Laraba, duk haka. Yanzu ku dubi waɗannan." Sandar ta matsa. "Litinin. Diddige ya shige har idon sawu. Taku gajere, kamar na mai ciki. Ga inda Sani ya zame. Ga inda suka dire makarar suka huta, ƙafafunta sun huda laka. Sau uku a yini guda." Ya ɗago. "Ranka ya daɗe, wa ya mutu da ƙiba a zango ranar Litinin?"

Bulama ya waiwaya. Sai kawuna suka shiga juyawa baya ɗaya bayan ɗaya, wajen masu makara.

"Da rana tsaka suka wuce da shi," in ji Manzo, "naɗe a tabarma, ta gaban kowa. Garbai ya juya fuska ya yi wa gero salati. Ni ma na juya tawa, ban ma yi salatin ba. Bintu kuwa gaskiya ta faɗa. Tururuwa ce ta shiga kabari ta yi sata a hannun ɓarawo."

Baba Ibram ya tako gaba da kansa, mutane na buɗa masa hanya.

"Ni ne. Sani umarnina ya bi, ku bar shi."

"Kai, tsoho!" in ji Bulama. "Kai da kake binne su da hannunka?"

"Don ina binne su ne, ranka ya daɗe." Muryarsa ba ta rawa. "Inna ta ce za ta dafa. Taiki uku, ga bakunan nan duka, kwana nawa ne? Wata guda bai cika ba. Sannan ruwa ya sauka, mu tsaya a gona mu shuka me? Yatsunmu? Wanda ya ci iri ba gida zai koma ba, nan zai zauna har ya zo hannuna. Shekara sittin ina noma, ban taɓa sa iri a baki ba, ubana bai sa ba."

"Jikarka fa?" Yakura ce, ta nuna shi da muciya. "Ludayi biyu na kunun kirki da sun riƙe ta! Kana ji tana kiran abinci, ka ɗauki gero ka kai rami?"

Sani ya durƙushe ya rufe fuska da hannu biyu. Tsohon bai motsa ba.

"Na ji ta, Inna. Har yanzu ina ji."

Ba wanda ya ɗaga sanda. Samarin suka tsaya suna duban ƙasa, kamar su ma sawu suke karantawa.

*

Maza suka shiga maƙabarta, mata suka tsaya a bakin aduwa. Manzo ya nuna kabarin tururuwa, aka janye ƙaya, aka ɗaga itace, ga taiki kwance yana fuskantar gabas, an yi masa komai yadda ake yi wa Musulmi. Ya nuna na biyu, aka ciro. Da aka fito da su Yakura ta rungume ɗaya kamar ɗan da ya dawo daga tafiya, ta ce a hura wuta.

"Na uku," in ji Bulama.

Suka tsaya a gindin kalgo. Kabari biyu, tsawo ɗaya, ƙaya ɗaya, hannu ɗaya ya yi su.

"Ɗaya A'i ce," in ji Baba Ibram. "Ɗaya iri."

"Wanne?"

Tsohon ya ƙi faɗi. Bulama ya juya ga Sani, Sani ya dubi ubansa, shi ma ya ƙi. Aka ambaci bulala. Tsohon ya ce ga bayansa nan, in an sami wurin duka.

"Manzo," in ji Bulama. "Aikinka ne. Wanne?"

Manzo ya tsuguna. Ba ya bukatar tsugunon. Ga tonon kura a gefen na dama, ga na hagu ko sunsunawa ba ta yi ba. Daga nan yana jiyo ƙarar itacen da ake karyawa a ƙofar Yakura, yana jiyo yaran da suka tuna yadda ake kuka da suka ga taiki. Taiki guda kwana tara ne, ko goma, na kunun gaske. Ya san fuskokin da kwana taran nan za su riƙe. Ya kuma dubi tsumman da ke hannun tsohon. Ya ɗago ido sama, sama fari fat, ba ta yi alkawarin komai ba.

Ya shafa ƙasa da tafin hannu, a hankali, daidai kan sawun kurar.

"Ranka ya daɗe, ya ɓace mini."

"Ya me?"

"Idon nan na hagu ya daɗe da ajiye aiki, na daman kuma jiya tururuwa ta gama da shi. Ko wannan, ko wannan. Ga dagi nan. Wanda ke da zuciyar buɗe yarinyar da ta kwana uku, bismilla."

Dagin na kwance a tsakiyarsu. Garbai ya ja da baya. Alhasan ya ce shi baƙo ne. Bulama ya dubi Manzo dogon kallo, irin na wanda ya san ana yi masa ƙarya kuma yana lissafin ko ya gode.

"Ashe tsufa ya kama ka, Manzo."

"Ya kama, ranka ya daɗe."

Aka kwance Bintu. Ta wuce ta gabansa tana murza wuyan hannu, ta ce, "Biyu cikin uku. An ce da can ka fi haka." Samari suka mayar da sanduna gida. Aka so kai Baba Ibram gidan kaso, sai aka rasa wanda zai karɓi dagin, don haka hukuncinsa ya zama ya ci gaba da abin da yake yi.

*

Taiki biyu suka kai kwana goma sha tara. Ruwa bai zo ba sai a na ashirin da shida. A kwana bakwai ɗin da ke tsakani tukunya ta koma dusa da goriba, hanyar bayan bukka kuma ba ta huta ba. Manzo bai ƙara juya fuska ba. Kowace makara ta wuce sai ya tsaya ya dube ta, ya san ko wane ne, ya kuma san inda taiki guda yake kwance. Yakura ta ci gaba da miƙa masa ludayi, amma ta daina yi kamar ba ta gane ba, ba ta kuma ƙara ce masa uffan ba. A kasuwa yara suka sa masa suna Biyu-cikin-uku, sunan ya bi shi har ƙarshen ransa.

Ranar da hadari ya haɗo daga gabas, Baba Ibram yana kwance a gindin goriba, kwana biyu ke nan bai tashi ba. Ɗigon farko ya same shi da rai. Kafin ƙasa ta jiƙu ya cika.

Da ruwa ya ɗauke, Sani ya ɗauki dagi ya nufi gindin kalgo, bai yi wata-wata ba ya buɗe na hagu. Ba a haƙa sabon rami ba. Aka ɗan ƙara tsawon wannan, aka ciro taikin, aka sa tsohon a gurbinsa, kusa da jikarsa. Da yake ba wani abin ɗauka, a kan makarar aka ɗoro gero aka dawo da shi. Bulama ya raba a ƙofar Yakura, kowane gida tafi biyu, mata na ƙullewa a bakin zane. Kafin la'asar zango ya fara tashi, jeri-jeri, sun nufi arewa.

Manzo bai je rabon ba. Yana tsugune a taɓon rijiya, inda sabuwar laka ta ɗauki sawun masu makara. Na tafiya ko yatsu bai nutse ba. Na dawowa ya shige har idon sawu.